Lemun Tsami a Akwatin Kifi

Ni direba ne, kuma karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, don haka kada a sa ran jin daɗin baki a wurina. Abin da ya raba ni da gidan da na yi wa tuƙi sama da shekara ashirin a Nasarawa GRA an faɗe shi iri-iri, a bakin masallaci, a teburin mai shayi, har a garejin da nake kai mota gyara. Kowa da abin da ya ƙara. Ga yadda aka yi.

Gidan irin tsofaffin gidajen unguwar ne, fili ya fi ginin yawa. Mangwaro a gaba, gwaiba da lemun tsami a baya, sai ɗakunan ma'aikata can ƙurya bayan gareji. A nan nake da ɗaki biyu ni da matata. Babu haya, ga famfon burtsatse a bakin ƙofa, in aka tayar da janareta mu ma sai mu ga haske. A nan muka haifi 'ya'yanmu mata, daga nan aka ɗauke su zuwa gidajen mazajensu. Na faɗi wannan don a san cewa ba mahaukaci ba ne ni, na san darajar inda nake.

Maigidan, Alhaji, tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya koma kwangila. Hajiya ta shugabanci wata makarantar 'yan mata kafin ta yi ritaya. Ba su taɓa zagina ba, ba su taɓa hana ni haƙƙina ba. Sai dai wanda bai yi tuƙin gida ba yana zaton sitiyari ne ke gajiyar da mutum. Jira ke gajiyarwa. Bakin banki, bakin asibiti, ƙofar gidan biki, ƙofar gidan rasuwa. Ka zauna har bayanka ya ƙage, ba ka isa ka yi nisa ba, don ba ka san lokacin da za a fito ba. Ranar Lahadi daga hantsi zuwa la'asar, ita kaɗai ce tawa.

Babbar 'yata da ke aure a Kawaji ta canza waya, ta ba ni tsohuwar. A ƙofar wani gidan biki ina jira ina latse-latse na ci karo da bidiyon wani Bature yana jefa 'ya'yan itace cikin ruwa yana ɗaukar hotonsu. Ban ji ko kalma ɗaya daga abin da yake faɗa ba. Hotunan na gani. Ruwa ya tashi ya tsaya cak a sama kamar an ƙera shi da gilashi. Na wanke mota sau nawa a rayuwata, na watsa ruwa sau nawa, ban taɓa sanin haka yake yi ba.

Da bokiti na fara. Na riƙe waya a sama na saki lemu, ruwa ya fallatso mini a fuska, hoton kuwa ya fito kamar an zubar da koko. Na yi Lahadi da yawa a haka kafin na gane cewa ta gefe ake kallon abin, kuma bokiti ba shi da gefen da ake gani. A lokacin ne Allah ya sa Hajiya ta ce a fitar da akwatin gilashin da ke falo. Na kifin ado ne, na yaran gidan, yaran sun girma sun watse Abuja da waje, kifin sun mutu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in kai shi bola. Na ce ina so. Ta ce in ɗauka, ko kallona ba ta yi ba.

Ba wanda ya koya mini komai, ɓarna ce ta koya mini. Wayar nan ba ta iya tsayar da ruwa sai rana ta take, saboda haka da tsakar rana nake yi, lokacin da mai hankali yake neman inuwa. Ruwan burtsatse in aka tara shi sai an bar shi ya kwanta, in ba haka ba ƙananan kumfa su manne a gilashi. In bango ne a baya, ɗigon ruwan ba ya fita, sai an sa baƙin abu. Na karɓi wani tsohon baƙin hijabin matata na rataya a igiyar shanya. Wayar na ɗaure ta a jikin bulo da robar tsohon tif na taya. Ledar nan mai ƙyalli da ake shimfiɗawa a gilashin mota don kare rana, ita nake jinginawa a gefe ta turo haske cikin ruwan. In ka danne wurin ɗauka ka riƙe, wayar za ta yi ta ɗauka a jere, a cikin tarin nan wataƙila ka sami ɗaya. Duk jifa ɗaya sai ka goge gilashi da tsumma, ka jira ruwa ya nutsu, ka sake.

Hannu biyu ba sa isa. Na kira matata.

"Malam, kai da furfurarka, wasan ruwa ka koma?"

"Riƙe wannan. Daidai nan, kada ki ɗaga."

"Ni tuwona na kan wuta."

"In na ce saki, ki saki. Kada ki jefa, saki kawai."

"Allah ya shirye ka," in ji ta. Amma ta riƙe.

Ni kuma ina durƙushe a gaban bulo, ido a kan waya, ina bismillah a hankali ina ƙirga mata. Ita ce ta gano cewa lemun tsami ya fi lemun zaƙi, don shi yana nutsawa ya ja iska a bayansa, na zaƙi kuwa ya faɗa ya taso kamar balan-balan. Tumatir ma haka. Mangwaro ba shi da ladabi, sai ya jiƙa mu duka. Yankan kankana yana ɓata ruwa tun jifan farko.

Ranar da na sami na farko mai kyau sai na ƙura wa wayar ido. Lemun ya shige ƙarƙashin ruwa, kore shar, ya jawo wata doguwar jakar iska a bayansa mai ƙyalli kamar azurfa. A sama kuma ruwan ya buɗe ya yi da'ira mai haƙora, kowane haƙori da ɗigo a kansa. Matata ta leƙa ta kafaɗata.

"Wannan ni na sake shi?"

"Ke kika sake shi."

"Ashe na iya," ta ce, ta koma kan tuwonta.

Kada wani ya ce almubazzaranci na yi. Ƙa'idar gidan tun kafin in zo ita ce, abin da ke kan bishiya na Hajiya ne, abin da ya faɗo na wanda ya tsinta ne. Tsintuwa nake yi. Mai dafa abincin gidan, wata mata Kirista 'yar wajen Zariya, mai barkwanci, ita ma takan ajiye mini abin da ya fara laushi. In ta dawo daga coci ta same mu a rana sai ta ce, "Oga direba, yau wa za a yi wa wanka?" Idan an gama, 'ya'yan itacen cikinmu suke shiga, ruwan kuma a ba shuke-shuke.

Sai Baba maigadi. Dattijo ne daga wani ƙauye a Jigawa, mun sha shayi a kofi ɗaya, mun saurari rediyo ɗaya shekara da shekaru. Wata Lahadi ya tsaya a kanmu ya daɗe yana kallo.

"Direba, me kake nema a cikin ruwan nan?"

"Hoto, Baba."

"Hoton wa?"

"Na lemu."

"Lemu ai ga shi a hannun iyalinka."

Na kwance wayar na nuna masa mai kyan nan. Ya miƙar da hannu ya nisanta ta da fuskarsa, ya ƙanƙance ido. Ya dubi akwatin, ya sake duban wayar.

"Wannan ba shi ne kuka jefa ba. Ina tsaye a nan. Ban ga wannan ba."

"Ido ba ya kama shi, Baba. Sauri gare shi."

"Uhm," in ji shi. Ya miƙo mini wayar da yatsu biyu.

Ana nan, wata Lahadi na ce bari in canza launin ruwan. Matata ta dafa zoɓo, na ɗebi wanda ba a sa wa sukari ba na tsiyaya a akwatin. Ruwa ya yi ja wur. Na yanka lemun tsami gida biyu-biyu na jera a faranti. Baba ya zagayo ɗiban ruwan alwala ya same ni a durƙushe ina motsa baki, ga baƙin ƙyalle a rataye, ga wuƙa, ga jan ruwa. Na ji ya ce a'uzubillahi, ya juya da butarsa babu ruwa. Dariya muka yi ni da matata. Hotunan ma ba su yi ba, jan ruwan ya shanye hasken gaba ɗaya.

A cikin makon nan Alhaji ya faɗi a banɗaki. Ni na goya shi a bayana zuwa mota, ni na kai shi asibiti, na bi hannun da ba nawa ba ina ta hon. Likita ya faɗa a fili, hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Ni ban yi mamaki ba. Ni nake sayo masa maganin, ni nake tsintarsa a aljihun kujerar mota ba a ɓare ba, ni kuma nake tsayawa a wurin mai kilishi in ya ce kada in gaya wa Hajiya. Da aka sallamo shi, a kujera mai taya ya dawo, magana ba ta fita. Ni ke ɗaga shi in sa a mota, in kai shi asibiti gashin jiki, in dawo da shi.

A hankali na fara ganin canji. 'Yan'uwan Hajiya da ke zuwa dubiya suka daina amsa gaisuwata da kyau. Gorar ruwan Alhaji da na saba riƙewa aka daina ba ni. Baba ya daina kirana shan shayi. Mai dafa abinci ce ta tare ni a bayan kicin.

"Oga direba, ka ɓoye akwatin nan naka."

"Saboda me?"

"Kai ba ka da kunne? Baba ya gaya wa ƙanen Alhaji abin da ya gani. Shi kuma ya je wurin wani malami, an ce masa akwai abin da aka ajiye cikin ruwa a gidan nan."

"Ke da kike ba ni tumatir, kin yarda?"

"Ni na san shirme kake yi. Amma ni wa zai tambaya?"

Na gaya wa matata. Ta ce daga ranar hannunta ya fita, kuma in tura akwatin ƙarƙashin gado har magana ta lafa. Na ce in na ɓoye abin da nake yi a fili da tsakar rana, me na ce ke nan? Lahadi ta zo na fito da kayana inda na saba. Na koyi saki da hagu ina dannawa da dama. Rabin hotunan gwiwar hannuna ce a ciki, ban fasa ba.

Ina cikin haka wata Lahadi suka zagayo. Ƙanen Alhaji a gaba, ɗan kasuwa ne, muna ce masa ƙaramin Alhaji. Hajiya na biye da shi, Baba a baya. Matata ta fito ta shimfiɗa tabarma, ba wanda ya zauna. Na miƙe na gaishe su.

"Malam, wannan mene ne?" in ji ƙaramin Alhaji.

Na yi bayani iya yadda zan iya. Na kwance wayar na miƙa wa Hajiya. Ta gyara tabarau ta yi ta turawa da yatsa, ta daɗe.

"Kyau dai suna da kyau," ta ce a hankali.

Ƙaramin Alhaji bai karɓi wayar ba. "Sayar da su kake yi?"

"A'a."

"Wani ne ya sa ka?"

"Ba wanda ya sa ni."

"To don me?"

"Ina so ne, Alhaji."

Ya yi 'yar dariya ya dubi Hajiya. "Kin ji ko? Magidanci da jikoki, ya durƙusa a rana kowane mako, ba kuɗi, ba lada, wai yana so. Wa zai yarda da wannan?"

A nan ne raina ya ɓaci, kuma bakina ya riga hankalina. Na ce, "Alhaji babba ya yi shekaru yana dukan wata 'yar farar ƙwallo da sanda, yana bin ta a ƙafa cikin rana har ta faɗa rami. Ni ke kai shi, ni ke jiransa a mota. Ban taɓa jin an tambaye shi don me ba."

Matata ta sunkuyar da kai. Na san na wuce inda direba ke tsayawa, amma ban janye ba, kuma har yau ban ga ƙarya a ciki ba.

"To sha ruwan," in ji ƙaramin Alhaji. "In babu komai, sha mu gani."

Na ɗauki moɗa na kamfata na shanye. Na sake kamfata na shanye. Na ciro lemun da ke ciki na gatsa da ɓawonsa, hawaye suka cika mini ido saboda tsami. Na ce a raina shi ke nan, an gama.

"Wannan ba hujja ba ce," in ji shi. "Abin mutum ai ba ya kama mai shi."

Daga nan na gane cewa ko teku na shanye ba za ta ƙare ba. Ya faɗi abin da ya kawo su. Malamin ya ce a fasa akwatin a cikin gidan, kuma mai shi ne zai fasa da hannunsa, in wani ya fasa bai yi ba. Shi ya sa ba su aiko an farfasa shi ina wurin aiki ba. Hannuna suke so.

Hajiya ta matso kusa, ta rage murya. "Malam, ni ban ce ka yi wani abu ba. Na san ka. Amma ka ga halin da nake ciki, dangi sun sa ni a gaba. Gilashi ne. Ka fasa magana ta mutu, in saya maka sabuwar waya."

"Hajiya, in na fasa, yau da magariba me Baba zai faɗa a bakin masallaci? An kama direba, ya fasa kayan aikinsa da kansa."

"In ka ƙi kuma me za a ce?"

"Su faɗi abin da suka ga dama. Ba dai da hannuna ba."

Ƙaramin Alhaji ya ce an ba ni zuwa Juma'a. Ko in fasa, ko in ajiye makulli in bar ɗakin. Na dubi Hajiya. Ta miƙo mini wayata ta juya.

Abin da ya biyo baya a ɗakinmu ya fi wancan zafi.

"Gilashin nan uwarka ce ko ubanka?" in ji matata. Ba ta taɓa yi mini irin wannan maganar ba. "Daga bola ka ceto shi. Ka fasa, mu sayi wani in an kwana biyu, ka kai gidan 'yarka ka yi ta jifa."

"Ba gilashin ba ne."

"Na sani, sunanka ne. Kai kana tsaron sunanka, ni zan koma tsaron mai garuwa a bakin ƙofa da tsufana. Kullum ka ce ka gaji, ka gaji. Wa zai ɗauki direba mai ciwon baya yanzu?"

Duk gaskiya ta faɗa. Ta yi kuka, ta daina yi mini magana sai abin da ya zama dole.

Kada a ɗauka ban auna abin ba. Na auna shi a mota, na auna shi a kan sallaya. Alhajin nan na ci abincinsa, ya yi wa 'ya'yana kayan ɗaki. Da na san fasa akwatin zai tayar da shi, da goshina zan fasa shi. Amma na duba hanya biyun da ke gabana. In na fasa bai warke ba, za a koma wurin malami, a ce akwai saura, a haƙa ɗakina, a kwance katifata. In kuma na fasa Allah ya ba shi sauƙi, to shi ke nan, ta tabbata ni na kwantar da shi. Jikokina za su tashi a ce kakansu ne ya yi wa ubangidansa asiri da lemun tsami. Duk ta inda na bi, da zarar na ɗaga dutse na amsa laifin da ban yi ba. Na yi shekaru ana cewa tsaya in tsaya, juya in juya, ban taɓa musu ba, don aikina ne. Wannan ba ya cikin aikina.

A makon na ci gaba da kai Alhaji gashi kamar kullum, don babu wanda ya iya ɗaga shi ba tare da an taɓa masa kafaɗar da ke ciwo ba. Abin dariya, wanda ake zargi da kwantar da shi, shi ke rungumarsa safe da yamma. Ranar Alhamis da na sunkuya zan sa shi a kujerar baya na ce, "Alhaji, gobe zan ajiye aiki. Ka yafe mini abin da ka gani ba daidai ba." Ya damƙi rigata da hannun da ke motsi. Bakinsa ya yi ta ƙoƙari, wani sauti ya fito, ban gane ba. Ban san ko ya san abin da ake ciki ba, ban kuma tambaya ba. Hajiya tana gefensa tana kallon waje ta taga.

Mijin 'yata ya samo mana ɗaki ciki da falo a Tudun Murtala, gidan haya mai mutane da yawa. Ranar Juma'a na wanke motar ciki da waje, na duba mai da ruwa da iskar taya. Bayan an sauko daga masallaci na shiga falo na ajiye makulli a gaban Hajiya.

"Malam, har yanzu da sauran lokaci," ta ce.

"Birkin baya ya fara ƙara, Hajiya. A gaya wa wanda zai zo."

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Na ce amin.

Akori-kura muka ɗauka. Mai dafa abinci ta taya matata ɗaure tukwane, ta cusa mata ledar gwaiba a jaka, suka rungume juna. Gado da katifa da buhunan kaya suka hau baya, matata ta ce ita a adaidaita za ta biyo mu, ba za ta zauna kusa da abin nan ba. Na naɗe akwatin da bargo na shiga gaba na ɗora shi a cinya. Baba ya buɗe mana ƙofa yana kallon ƙasa. Na ce, "Baba, sai wata rana." Ya ɗaga hannu kaɗan, bai ɗago kai ba.

Mai akori-kurar ya dubi abin da ke cinyata. "Kifi kake kiwo, Malam?"

"A'a."

"To na mene ne?"

"Ka kula da ramin can, gilashi ne."

Yanzu motar wata makarantar kuɗi nake ja, in kwaso yara da safe in mayar da su da rana. Bayana ya fi da ciwo. Ruwa saye muke yi, kuma duk ranar da mai garuwa ya makara sai matata ta tuna mini da famfon da muka baro, da suna da unguwa. Ta fi ni gaskiya a wannan. Alhaji yana nan da ransa a kujerarsa. Labari yana iso ni cewa har yanzu akwai masu cewa da direban nan ya fasa akwatin da tuni ya miƙe. Wasu kuma sun ce tunda na fita da shi ai na tafi da lafiyar mutumin a cinyata. Ba na aika wa kowa amsa.

Ranar Lahadi ina sayen jarka ɗaya ta daban, in bar ruwan ya kwanta, in fito tsakar gida in rana ta take. 'Yan haya sun yi kallonsu sun gaji, yanzu tsallake ni suke yi su wuce banɗaki. Makon jiya gwanda na gwada. Ta yi wa akwatin girma, ta kwashe kusan rabin ruwan ta watsa a kan garin da maƙwabciyarmu ta shanya. Na ba ta haƙuri, na sayo mata wani. Wannan kam ni na yi.